Google Maps ko Organic Maps: wacce za ka riƙe a Santambul?

Assalamu alaikum ƴan zaure. Ƙanenmu da ya samu gurbin karatu a Santambul ya yi tambaya. Ya ce salularsa ba ta da wuri sosai, Google Maps ta zo a cikinta, wani kuma ya ce masa ya sauke Organic Maps, ita ma manhajar taswira ce, to wacce zai riƙe? Ƙanena, Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Kowacce da ranarta, sai dai ranar Organic Maps ce ke fara zuwa.

Ka fara sanin garin da za ka. Mutanen Santambul sun haura miliyan 15, gundumominta 39, wani sashe a Turai, wani a Asiya, ruwan Bosfor a tsakani. Nan Damagaram ka tare ɗan kabu-kabu ka ce masa bayan Kasuwar Dole, ko ƙofar fada a Birni, ya kai ka ba wata tambaya. Can kuwa sunan titi ɗaya, irin su Atatürk ko Cumhuriyet, za ka same shi a gundumomi da yawa. In ka rubuta titi babu gunduma, kowace taswira tana iya tsallakar da kai ruwa. Saboda haka duk wanda zai ba ka adireshi, ya haɗa maka da gunduma da unguwa da lambar gida.

Ranar da ka sauka ba ka da layin Turkiyya. Layinka na gida, Airtel ne ko Moov ko Zamani, in ka buɗe intanet da shi a can, kuɗin da ke ciki ba zai daɗe ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ɗigon nan mai nuna inda kake tsaye ba ya cin mega, daga tauraron ɗan Adam yake samun bayani. Abin da ke cin mega shi ne zanen garin da lissafin hanya. Organic Maps tana ajiye duka biyun a cikin wayar. Ka sauke taswirar yankin sau ɗaya, daga nan za ta nemo maka titi, ta tsara maka hanya a ƙafa, ko a keke, ko a mota, ba tare da rezo ba ko kaɗan. Har layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa da tasoshinsa tana nunawa.

Ita ma Google Maps tana barin ka sauke yanki ka ajiye. Amma da zarar intanet ya yanke, hanyar mota kawai take iya tsarawa. Ba ta ba ka ta ƙafa, ba ta ba ka ta bas. Kai kuwa ɗalibi ne, motar wa za ka tuƙa? A kwanakin farko, lokacin da kake yawo da takardu tsakanin masauki da jami'a da ofishin izinin zama, Organic Maps ta fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Da ka sayi layi, lamarin ya juya. Santambul gari ne na hawa da sauka. Akwai Metrobüs, bas mai hanyarsa shi kaɗai a tsakiyar babban titi, akwai Marmaray, jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin ruwa tun 2013, akwai taragon T1 mai ratsa Aksaray da Laleli, inda ƴan kasuwarmu ke sarin tufafi, ya wuce Sultanahmet, ga jiragen ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar da Kadıköy, ga ɗaruruwan layukan bas. Kati ɗaya, Istanbulkart, ake biya da shi a dukansu. Google Maps ce ke iya haɗa maka waɗannan a tafiya guda: hau lamba kaza, sauka a tasha kaza, tsallaka titi, canza zuwa kaza. Tana kuma nuna cunkoso, wanda a garin nan shi ke raba mai isa aji kan lokaci da mai tarar da an tashi. Organic Maps ba za ta gaya maka bas ɗin da za ka hau ba. Nan kam ba a haɗa su.

Wajen neman shago, kantin magani ko gidan abinci ma Google ce gaba, don tana da hotuna da lokutan buɗewa da ra'ayin waɗanda suka je, kuma ko ka yi kuskuren harafi ta kan gane abin da kake nufi. Organic Maps ta fi son ka rubuta daidai. Taswirarta daga OpenStreetMap take, wadda ƴan sa kai ke zanawa tun 2004, shi ya sa sau da yawa ta kan kawo ƴan lunguna da matakalu da hanyoyin ƙafa, amma shagon da aka buɗe kwanan nan sai ka neme shi ka rasa. Ita kanta manhajar a 2021 ta fito, daga hannun waɗanda suka fara ƙirƙiro Maps.me, don haka in wani ya ambata maka Maps.me, tushensu ɗaya. Ba ta da talla, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma batir ya fi daɗewa in waya ba ta faman neman rezo.

In an tilasta mini zaɓen ɗaya don zaman shekaru, Google Maps zan ce, saboda bas. Amma ban ga abin da zai tilasta ka ba. Ka goge bidiyoyin bukukuwan da suka cika maka WhatsApp, wuri zai samu. Kada ka sauke Turkiyya gaba ɗaya, yankin Santambul ya ishe ka.

Ka yi saukewar tun kana nan, ko a Yamai kafin ka hau jirgi, inda ka samu wifi mai ƙarfi. Ka sa alama a filin jirgi da masaukinka da jami'arka a cikin manhajojin biyu. Ka haɗa da taswirar Nijar, ka sa wayar a yanayin jirgi, ka ce ta kai ka daga Zango zuwa Jami'ar André Salifou, don hannunka ya saba tun a garin da ba za ka ɓata ba.

Sai abu ɗaya da ya shafi wayar kanta. Salular da aka shigo da ita Turkiyya daga waje, in aka sa mata layin ƙasar, kwana 120 take aiki, daga nan a rufe mata rezo sai an yi mata rajista an biya haraji, harajin kuma ya fi kuɗin ƙaramar Tecno ko itel. Ka tanadi kuɗin sayen wata a can. Tsohuwar kada ka yar da ita, wifi zai ci gaba da kamawa, Organic Maps ma za ta ci gaba da aiki a cikinta.