Shagon 'yan tsaki na wajen Kawo, bayan wata shida

Tun da na yi ritaya daga koyarwa, ɗan filin bayan gidanmu a Hayin Banki, Kaduna, ya zama wurin zamana. Gefe ɗaya lalle da zogale da 'yan furanni, ɗaya gefen na sa kafinta ya buga mini akurki. 'Yan tsakin kuwa a wani ƙaramin shago na saye su, can wajen Kawo, wanda maƙwabciyata ta yi mini kwatance.

'Yan tsaki 25 na Noiler, wani irin kaji na nama da ƙwai, na biya a watan Afrilu. Mai shagon, wani dattijo da magana ba ta dame shi ba, ya ce Talata da asuba mota za ta iso daga kudu. Ba ta iso ba sai bayan azahar, ga zafin bazara. Ina buɗe kwali na tarar biyu sun mutu, sauran baki buɗe sai haki. Har na fara faɗa. Bai ce mini uffan ba, ya ɗauko biyu daga wani kwalin ya cike mini, sannan ya ce, "Hajiya, kada ki ba su abinci yanzu. Ruwan gulukos tukuna, sai sun dawo hayyacinsu." Haka na yi. Da dare na aje musu ɗan murhun gawayi, na zuba dusar katako a ƙasa.

Abin da ya riƙe ni a shagon nan shi ne rigakafi. Kowa ya san halin wutarmu, kuma maganin rigakafin kaji da ake kira Gumboro da Lasota in ya rasa sanyi ya zama ruwa kawai, kin biya kuɗi a banza. Shi firijinsa da sola yake aiki, kuma ba ya miƙo kwalba sai cikin leda da ƙanƙara. Shi ya koya mini in ɗauke musu ruwa na awa biyu don su ji ƙishi, in dama da ruwan rijiya ba na famfo mai kulorin ba, su shanye nan take. Ƙaramar kwalbar ma ta kaji 100 ce, don haka muka riƙa rabawa da maƙwabta rana ɗaya. Da ciwo ya shigo unguwa cikin damina, kajin gida suka yi ta faɗuwa, nawa ko ɗaya bai taɓa ba.

Inda suka ba ni haushi shi ne abincin awo. Buhu mai kilo 25 a rufe, irin Chikun da ake yi a nan jiharmu ko Vital na Jos, ban taɓa samun matsala da shi ba. Amma ran da kuɗi suka yi mini ƙaranci a watan Agusta na sayi mudu uku daga buɗaɗɗen buhu, na iso gida na ji warin fumfuna, har ya dunƙule. Yaron shagon ya rantse sabo ne. Zubar da shi na yi, kuma ba a mayar mini da ko sisi ba. Wurin aje mota ma babu, gara ki hau Keke.

Mai shagon ya gargaɗe ni kada in zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, ban ji ba, fure biyu suka ƙone ƙurmus. Wanda na tara a rami ya ruɓe kuwa, lallen nan da ya sha shi ya yi fure har ƙamshinsa na shiga ɗaki bayan magariba. Sai da na kewaye shukar da raga, don Noiler ba ta ga kore ta ƙyale.

Zakarun mun yanka wasu, na sayar da wasu. Matan sun fara ƙwai, sai dai ba su damu da kwanci ba, don haka na tura wa wata kazar gida ƙwai 8. Jikata Ummi kullum da safe sai ta leƙa ta ƙirga.