Kafin ka biya dala: wace mujallar kimiyya ce ba za ta yi maka kamfe ba?

Ƙanina da ke karatun likitanci ya roƙe ni in biya masa kuɗin mujallar kimiyya ɗaya ta intanet, amma ya gindaya sharaɗi: "Yaya, ban da wadda za ta riƙa yi mini kamfe." Da dala ake biya, kuma kowa ya san yadda canji yake, don haka sai da na auna su kafin in zaro kati.

Wadda aka fi nuna wa yatsa ita ce Scientific American. Tun 1845 take fitowa, kuma ta yi shekara 175 ba ta taɓa ɗaga hannun ɗan takarar shugaban ƙasar Amurka ba, sai a 2020 da ta ce a zaɓi Joe Biden, tana kafa hujja da yadda Trump ya yi da annobar korona. A 2024 ta sake, wannan karon Kamala Harris. Da sakamako ya fito, babbar editarta Laura Helmuth ta zazzagi masu zaɓen Trump a shafin sada zumunta, ta ba da haƙuri, ta ajiye aiki a watan Nuwamba. To ka ga zargin da ake mata na yin kamfe ba ƙage ba ne. Sai dai dogayen maƙalolinta kan taurari ko ƙwayoyin halitta, da yawansu masu binciken ne da kansu ke rubutawa, kuma ba su da tsara. Siyasar a shafin ra'ayi ta fi tattaruwa, in za ka iya tsallake shi. Abin dariyar ma, ɗaga hannun bai cika sayo ƙuri'a ba: da mujallar Nature ta yi irinsa a 2020, wani bincike da aka buga a 2023 ya gano bai sauya tunanin mutane kan 'yan takarar ba, illa magoya bayan Trump da suka rage yarda da mujallar da ma masana kimiyya baki ɗaya. An je neman ƙiba an samo rama.

National Geographic kuwa kowane ɓangare ya taɓa jifanta. Da kamfanin Fox na attajirin kafafen labarai Rupert Murdoch ya sayi kashi 73 cikin ɗari na harkar yaɗa labaranta a 2015, masu ra'ayin sauyi suka ce shi ke nan, an sayar da ita ga masu musun ɗumamar yanayi. Da ta fitar da bugu na musamman kan jinsi, wato batun zama namiji ko mace, a 2017, 'yan mazan jiya suka ce ta ɓata. Yanzu tana hannun Disney. Ni abu biyu na riƙe game da ita. A ƙarshen 2017 ta yaɗa bidiyon wata farar beyar, dabbar yankin ƙanƙara, a arewacin Kanada, ƙashi da fata, tana jan ƙafa tana tonon shara, aka rubuta cewa wannan ne kamannin sauyin yanayi. Miliyoyi suka kalla. Daga baya mujallar ta amsa cewa ta zarce gona da iri, domin ba wanda ya san abin da ya ramar da wannan dabbar. Na biyu, a Afrilun 2018 editarta Susan Goldberg ta rubuta ƙarara cewa sun shafe gomman shekaru suna nuna baƙar fata da idon wariya, kamar wasu abin kallo. Wannan son zuciyar ya fi shafar mu fiye da rigimar Biden da Trump, amma ba kasafai masu kuka da siyasar mujallu ke ambatonsa ba. Hotunanta har gobe babu na biyunsu. Rubutun ne ya yi sanyi tun da ta sallami sauran marubutanta na dindindin a 2023.

New Scientist ta Landan mako-mako take fitowa tun 1956, labarai gajeru, kanun labarai masu ɗan zuzutawa. Kamfanin da ke da jaridar Daily Mail ya saye ta a 2021, amma ban ga ta koma bakin Daily Mail ba.

Shirye-shiryen namun daji fa? David Attenborough, ɗan Birtaniyan da ya yi suna wajen gabatar da su, ya sha suka daga hagu da dama. A 2018 marubuci George Monbiot ya zarge shi da ɓoye ɓarnar da ɗan Adam ke yi, yana nuna duniya kamar aljanna. Shekara ɗaya bayan haka, da shirinsa Our Planet ya fito a Netflix, wasu suka ce wa'azin yanayi ya yi yawa. In don yara ne, na BBC sun ishe ka, amma ka zauna kusa da su. Za a nuna musu dajin Serengeti na Tanzaniya na awa guda, zaki da gada da faɗuwar rana, ba makiyayi ko ɗaya, sai ka ce ba mutane a ƙasar.

A ƙarshe Science News na biya masa. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba ce ke buga ta a Washington sama da shekara ɗari, kuma salonta shi ne: ga abin da aka gano, ga wanda ya gano, ga abin da wani masani da ba ya cikin aikin ya ce. Ba ta da ƙyale-ƙyalen hoto irin na National Geographic, kuma ya riga ya yi mini ƙorafin hakan.