Dajin Castlemaine Diggings ya cancanci a ba shi wuni guda

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Melbourne a ƙasar Ostareliya, shawarata ita ce ya ware rana ɗaya ya hau jirgin ƙasa mai zuwa Bendigo, ya sauka a Castlemaine. Nisan wajen kilomita 120 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi. A gefen garin ne gandun dajin da ake kira Castlemaine Diggings National Heritage Park yake, wanda gwamnatin jihar Victoria ta keɓe a 2002. Ba a biyan ko sisi kafin a shiga.

Amma kada mutum ya je da tsammanin kurmi mai duhu da ruwa na kwarara. Ƙasar busasshiya ce, tsakuwa da jar ƙasa, sai itatuwan turare masu baƙin ɓawo mai kauri duk a tsattsage. Da na lura da kyau, sai na ga yawancinsu ba gindi ɗaya gare su ba, sirara ne uku ko huɗu suka taso daga tsohon kututture. Dalili kuwa, a 1851 aka gano zinariya a nan, kafin shekara ta ƙare mutane dubbai sun cika kwarin Forest Creek. Suka sare dajin don girki da tokare ramuka da hura injuna, suka wanke ƙasar saman. Abin da ake gani yau toho ne na bayan ɓarna. Mutanen Dja Dja Wurrung, masu ƙasar na asali, kan ce an kife musu ƙasa, kuma wanda ya bi cikin tsibin tsakuwa da kwazazzaban nan zai yarda da su.

Wurin da ya fi burge ni shi ne Garfield Water Wheel, kusa da ƙaramin garin Chewton da ke maƙwabtaka da Castlemaine. A 1887 aka kafa wata ƙatuwar ƙafa mai kama da ta keke, mai faɗin kusan mita 22, wadda ruwa ke juyawa, ita kuma tana ɗaga taɓaren ƙarfe masu daka farin dutse a fitar da zinariya. Ƙafar ta daɗe da tafiya, saura bango biyu na dutse da suka riƙe ta. Na tsaya tsakaninsu na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Ginin hannu ne, dutse kan dutse, bai goce ba har yau.

Maƙabartar Pennyweight Flat kuwa, zuciyata ba ta daina komawa can ba. Tudu ne mai duwatsu inda zinariyar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa aka bar shi don binne mutane. Kimanin mutum 200 aka binne tsakanin 1852 da 1857, akasarinsu yara, waɗanda gurɓataccen ruwa da cututtuka irin su atini suka kashe. Ƙaburburan gajeru ne, an zagaye su da duwatsu, da yawa ko suna babu. Duk wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba zai iya wucewa da sauri ba. Ni dai na zauna na jima.

A nan kusa ne mahaƙa suka yi gagarumin taro ranar 15 ga Disamba 1851, lokacin da gwamnati ta so ninka kuɗin lasisi daga sule 30 zuwa fam 3 a wata. Sun ƙi, gwamnati ta janye.

Wahalar wurin ita ce komai a warwatse yake. Daga tasha zuwa Chewton ana iya takawa, amma Vaughan Springs, inda ake buga famfo a sha ruwan ma'adinai mai ɗanɗanon kanwa, sai da mota. Cikin dajin babu kanti, don haka a tafi da ruwa da guzuri, a kuma sauke taswira a waya tun daga gari. Mai yara ya riƙe hannunsu sosai, domin akwai tsofaffin ramuka masu zurfi da ciyawa ta lulluɓe, barin hanya ganganci ne. Akwai macizai kuma.

Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne mai tsanani, ga ƙudaje, ga fargabar gobarar daji, har akan hana kunna wuta kwata-kwata a wasu ranaku. Satumba ko Oktoba sun fi, lokacin da furanni ke buɗewa a ƙarƙashin itatuwa kuma iska na da sanyi. A fita da sassafe in ana son ganin kangaru, a kuma saka takalmi mai ƙarfi, don tsakuwar wurin tana da kaifi.