Kayan ɗakin fasaha na makaranta: FreeCAD da Arduino Uno ne zaɓina, kuma a yi hattara da jabu

Makarantu da yawa a cikin garin Gombe, har da na Kumo, Bajoga da Billiri, sun fara gane cewa darasin fasaha ba zai ci gaba da tafiya da alli da allo kawai ba. Iyaye na tambaya, masu makarantu na son abin nunawa ranar taro, 'yan kwangila kuma na yawo da takardun farashi. Ni malamin zanen fasaha ne, kuma duk shugaban makarantar da ya nemi shawarata tambaya biyu nake fara yi masa. Ranka ya daɗe, abin da za ka saya zai yi aiki ranar da babu wuta babu data? In ya lalace, akwai mai gyara shi a garin nan? Kayan da ya gaza a nan, komai kyansa a hoto, a sito zai ƙare.

Kada kuma wani ya ruɗe ku ku kwashe allunan zane, kamfas da ruloli ku jibge. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar zanen fasaha ta WAEC, NECO ko NABTEB da fensir zai ja layinsa. Yaron da bai san dalilin zana abu ta gaba, ta gefe da ta sama ba, kwamfuta ba za ta sanar da shi ba. Manhaja ƙari ce a kan wannan tushe.

A cikin manhajojin zane, FreeCAD na fi so, ba na ɓoyewa. Kyauta ce ta gaskiya: babu lasisin da zai ƙare, babu rajista, babu neman imel ɗin ɗalibi. Malami ɗaya ya sauke ta a inda sabis ke da ƙarfi, ya zuba a filasha, ya bi kwamfutocin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan ba ta sake neman intanet. Tana aiki a Windows, Linux da Mac. An daɗe ana kukan tana da wuyar sha'ani, amma fitowarta ta 1.0 a watan Nuwamban 2024 ta gyara abubuwa da dama, ta kuma zo da sashen harhaɗa sassa a cikinta. In za a sa, a sa wannan ko wadda ta biyo bayanta.

Abin da ya sa ta shiga raina shi ne yadda take tilasta wa yaro yin tunani da awo. Ba ya jan layi yadda ya ga dama ya ce ya gama. Sai ya faɗa mata wannan gefen milimita nawa ne, wancan layin a tsaye yake ko a kwance, ramin nan nisansa nawa daga baki. Muddin akwai awon da ya rage tana nuna masa, in ya cike komai sai zanen ya koma kore. A ce an ba ɗaliban aji huɗu aikin zana bencin aji mai tsawon milimita 1,200. In sun ɗaura awon yadda ya kamata, malam ya ce a mai da shi 1,500, lamba ɗaya za a canja, ƙafafu da sandar tsakiya su bi da kansu. Wanda ya yi aikin ganin ido kuwa zanensa zai wargaje a gabansa, kuma ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga nan akwai sashen TechDraw, wanda ke fitar da hoton gaba, gefe da sama tare da awo, a tsarin kusurwa ta farko ko ta uku, daidai da abin da muke koyarwa a allo. A buga a takardar A4 ko A3, a kai wa kafinta ko mai walda a unguwa ya ƙera. Ranar da yaro ya zauna a kan bencin da shi ya zana, darasin ya zauna masa.

Tana da nata nauyin. Umarninta da Turanci suke, makonnin farko akwai gumi, kuma ba ta buɗe fayil ɗin DWG, irin na manhajar AutoCAD, sai an haɗa ta da wata ƙaramar manhajar juyi, ko da yake DXF, STEP da STL duk tana fitar da su. Malam ya zauna da ita lokacin hutu kafin ya tsaya gaban ɗalibai. A kuma sayi maus mai taya ga kowace kwamfuta, domin juya zane da ɗan allon shafawa na laftof wahala ce tsagwaronta.

Sauran fa? Tinkercad tana da daɗi ga ƙananan yara, har gwajin haɗa lantarki ana yi a cikinta, amma a burauza take zaune, sabis na yankewa aji ya watse. Onshape ma haka. Fusion a intanet take ajiye aiki. LibreCAD kyauta ce, ta dace da tsofaffin kwamfutoci, sai dai zanen shimfiɗe kawai take yi. AutoCAD ita ce ta ofisoshin injiniyoyi tun 1982, kuma Autodesk na ba ɗalibai da malamai lasisin ilimi na shekara guda da ake sabuntawa bayan tantancewa. Mai haƙurin cike takardu ya nema ta wannan hanya.

Hanyar da ban yarda da ita ba ita ce ta ɗan kwangilar da zai ce ya kawo kwamfutoci da AutoCAD a ciki. Ku tambaye shi da sunan wa aka yi lasisin. Na ga makarantar da aka caje ta kuɗin manhaja, ashe ta sata aka zuba, kuma don ta zauna sai da aka kashe manhajar tsaron kowace kwamfuta. Zango bai ƙare ba bairos ya bi filasha ya shiga ofishin jarrabawa, sakamakon ɗalibai ya salwanta, mai kawo kayan kuma ya daina ɗaukar waya. Har yau in na tuna malaman da suka kwana suna sake shigar da maki da hannu raina ɓaci yake yi.

A ɓangaren lantarki, Arduino Uno nake cewa a saya, wato ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta ya sarrafa na'urori, kuma ba kowace Uno ba: wadda ƙwaƙwalwarta, ATmega328P, doguwa ce mai ƙafa 28 da ke zaune a soket. Yara za su ƙona allo, wannan babu makawa. In ƙwaƙwalwar ce ta tafi, sai a zare ta a dasa sabuwa, allon ya dawo aiki. Mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da aka liƙe da dalma sai dai a kai wa mai gyaran waya, ko a jefar. A sayi ƙwaƙwalen ajiya tun farko, a tabbatar an riga an zuba musu manhajar tashi (bootloader), wadda ke ba su damar karɓar umarni ta kebul. In babu, ana iya zuba musu da wata Uno ɗin, amma ƙarin aiki ne.

An fara Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, domin ɗalibai, Uno kuma ta fito a 2010, shi ya sa darussanta suka cika ko'ina. Tana aiki da bolt 5, irin wanda yawancin sensoci masu araha ke so. Tana da ƙafa 14 na kunnawa da kashewa da 6 na auna sigina, da fiyus mai farfaɗowa da kansa wanda ke kare kafar USB ta kwamfuta in yaro ya haɗa waya ba daidai ba. Kebul ɗinta irin na firinta ne, ko'ina ana samu. Manhajar rubuta mata umarni kyauta ce, kuma ga ɗakin da babu intanet tsohuwar fitowa ta 1.8.19 ta fi sauƙi, domin ta zo da abin da Uno ke buƙata a cikinta, sabuwar kuwa sai ta ƙara sauke wasu abubuwa a buɗewar farko. Ayyukan da suka fi kama hankalin ɗalibaina su ne na gida: ƙararrawar da ke kuka in tankin ruwa ya cika, akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai riƙe zafi tsakanin digiri 37 da 38, da na'urar da ke gane ƙasa ta bushe, wadda 'ya'yan manoman rani na Dadin Kowa ke fahimta tun kafin a gama bayani. Akwatin da za a saka na'urar kuma a FreeCAD za a zana shi, darussan biyu su haɗu.

Ita micro:bit, da BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya a 2016, ta zo da ƙananan fitilu 25 da maɓalli biyu, ta yi kyau ga firamare, amma samunta a nan aiki ne. Raspberry Pi Pico ta fito a 2021 a kan dala 4, ta fi Uno ƙarfi, sai dai ƙafafunta na bolt 3.3 ne, kuskure ɗaya da bolt 5 na iya kashe ta. ESP32, allon da ke da Wi-Fi, a bar wa 'yan ajin ƙarshe. Na'urar buga abu mai jiki kuwa, wadda ake kira 3D, a jinkirta: ƙaramin abu ma sa'o'i yake ci, wuta na ɗaukewa aikin ya lalace.

Sai kasuwa, inda kuɗin makarantu suka fi nutsewa. Tsarin Arduino a buɗe yake, saboda haka allunan kwaikwayo na China ba haramun ba ne, kuma da yawansu suna aiki lafiya. Mafi yawa suna ɗauke da ƙaramin cip mai suna CH340, wanda sai an sa masa direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, don haka a ajiye direban a filasha ɗaya da sauran manhajoji. Cutar ita ce a sayar muku da kwaikwayo a farashin gangariya. Ku duba allon da kyau, in kun ga CH340 ku biya kuɗin kwaikwayo. In an goge rubutun kan ƙwaƙwalwa, ku ajiye. Kowane allo a jona shi a gaban mai shago, a tura masa umarnin nan na gwaji mai sa fitilar ƙafa ta 13 ƙiftawa. Kada a gwada ɗaya a ɗauki ashirin.

Ƙananan wayoyin haɗi ma ana ha'inci a cikinsu. Ku tafi da mayen ƙarfe, ku feɗe waya ɗaya: jan ƙarfe na gaske ba ya mannewa, in zaren cikin ya manne to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, zai riƙa karyewa a ciki yaro ya yini yana neman laifin da ba nasa ba. Batirin caji samfurin 18650 da aka rubuta wa 9,900mAh ƙarya ce a rubuce, domin na manyan kamfanoni a wajen 3,500 suke tsayawa, kuma na gaske nauyinsa wajen giram 45 ne, jabu kuwa sakayau. Akwatunan da ake haɗawa wai na masu farawa a buɗe su a ƙirga da takardar da ke ciki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma makaranta ba ta san rariya aka kawo mata ba sai ranar darasi.

Kwamfuta kuwa laftof ta hannu irin ta ma'aikatu nake ba da shawara, kamar ThinkPad T480, Latitude 5490 ta Dell ko EliteBook 840 G5 ta HP, da RAM giga 8 da ma'ajiyar SSD. Cajarta wat 45 zuwa 65 ce, sola matsakaiciya za ta ɗauki guda goma, kuma batirinta na riƙe aji in an ɗauke wuta. Kada kalmar Core i5, sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ruɗe ku. Akwai i5 ta 2011, akwai ta 2017, lambar da ke biye ce ke faɗin zubin: 2520M zubi na 2 ne, 8250U zubi na 8. Wannan ya zama dole yanzu, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 take farawa.

Bayanin da Windows ke nunawa ana iya sauya shi, don haka a shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa da maɓalli lokacin kunna kwamfuta, a karanta: F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. In BIOS ɗin na da kalmar sirrin da mai shago bai sani ba, a bar masa kayansa. A sa umarnin powercfg /batteryreport a ga ƙarfin da ya rage wa batir, a juya kwamfutar a duba ko ya kumbura, domin zafin Maris da Afrilu na nan ba ya raga wa batir mai rauni. SSD da filasha a gwada su da manhajar H2testw, don akwai masu nuna giga ɗaruruwa alhali cikinsu kaɗan ne. Caja in an jona ta alamar maus ta fara tsalle, jabu ce.

Ko a Gombe za a saya, ko a Farm Centre ta Kano, ko a aiko daga Computer Village ta Ikeja, kada shugaban makaranta ya tafi shi kaɗai. Malamin da zai koyar da kayan ya bi shi, in da hali a nemi wani daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Gombe ko ATBU ta Bauchi ya duba. Rasit ya ɗauki samfuri da lambar jikin kowace kwamfuta, da kwanakin garanti a rubuce, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an kunna komai an gwada a cikin makarantar.