Keji ko ɗaki mai ɓuntu: wanne ya fi wa mai kaji 30 a bayan gida?

Wata 'yar'uwa ta ce tana son ajiye kajin ƙwai guda 30 a bayan gidanta, amma ta rasa na zaɓa: ta sayi kejin ƙarfe mai hawa-hawa ne, ko ta gina ɗaki ta zuba ɓuntun shinkafa su riƙa yawo a ƙasa?

'Yar'uwa, mu fara da fili. A ƙasa, kaji biyar ne ke zama cikin walwala a murabba'in mita ɗaya, don haka kajinki na bukatar ɗaki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2. Keji bai kai rabin wannan ba, tunda kaji uku ko huɗu ake sakawa a kowane gurbi. Sai dai shi ma ba a tsakar gida za ki ajiye shi ba, dole ki yi masa rumfa, ga kuɗin kejin kansa. Wajen kashe kuɗin farko, ɗakin ƙasa ya fi sauƙi.

Inda keji ya yi fice shi ne tsabta da lissafi. Ƙwai na gangarowa gaba da kansa, ba kashi a jikinsa, kaza ba ta samun damar fasa shi ta sha. Kina iya gane wadda ta daina yin ƙwai ki fitar da ita. Kuma da yake ba sa caccakar kashinsu, ciwon kashin jini da tsutsar ciki ba su cika damunsu ba. A ɗakin ƙasa kuwa sai kin sa akwatin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, ki riƙa kwashewa sau biyu ko uku a rana. Abinci ma ya fi ɓarewa a ƙasa, kuma ba ƙaramin abu ba ne: kaza ɗaya na cin kusan giram 120 kullum, wato buhu mai kilo 25 kusan mako ɗaya zai yi miki.

Amma ki duba zafinmu. Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano ko Sakkwato kan haura digiri 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi. Wadda ke ƙasa za ta nemi lungu mai sanyi, ta baje fukafukai, ta yi birgima a ɓuntu. Ta cikin keji ba inda za ta, ruwan shanta da ke cikin bututun kejin ya yi zafi, ta rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Wannan ne ya fi damuna da keji a ƙarƙashin kwano. Ga kuma kashin da ke taruwa a ƙasansa: kwana biyu ba a kwashe ba, ƙuda da wari sun isa gidan maƙwabta. Ɓuntu mai kaurin santimita 10 yana shanye danshi, in kina juya shi kina cire inda ya jiƙe zai yi watanni, daga baya masu lambu su saye shi a matsayin taki.

Ni dai da kaji 30, ɗakin ƙasa zan ce ki gina, sai fa idan filin ne babu. Tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe. Bango bulo biyu ko uku ya isa, sauran har sama a sa waya mai ƙananan ido saboda ɓera da maciji da muzuru. A dafe ƙasa da siminti, gafiya na haƙa rami. Rufin ya zarce bango sosai saboda feshin damina, a shimfiɗa zana a kan kwanon. Da hunturu sai ki rataya buhuna da dare, ki ɗage da hantsi. Ki kuma ja wutar lantarki ko ki sa fitilar sola, domin ko wane irin kajin ƙwai kika saya, ISA Brown ne ko Shika Brown ta Zariya, sai sun samu haske na kusan awa 16 a rana za su riƙe yin ƙwai yadda ya kamata.