Ranar da na raka jikana makaranta a Jidda

Assalamu alaikum mutanen gida, musamman abokan aikina tsofaffin malamai da muka sha ƙurar alli tare. Kun san tun da na ajiye aiki bayan shekara 35 a firamare babban ɗana ya matsa sai na zo na zauna da su a nan Jidda. To wani abu na gani da aka koma makaranta wanda har yau ya ƙi barin zuciyata.

A nan ƙarshen Agusta ake komawa, kuma satinsu daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Ranar uban yaron yana wurin aiki, sai na ce ni zan raka shi, ɗan aji uku ne a makarantar gwamnati. Kafin mu fita na saka riyal 200 a aljihu don ni a sanina ranar farko ranar biyan kuɗi ce. Muka shiga ajin sai sanyin esi ya buge ni, kowane yaro da kujerarsa da teburinsa, na ƙirga su da idona, 28 ne. A kan kowane tebur an jera littattafai sababbi fil, na lissafi, na kimiyya, na Larabci, na addini, ko ƙamshin takarda bai bar su ba. Na tambayi malamin da ɗan Larabcin da nake da shi a ina ake biya, ya dube ni ya ce "majjanan ya ammi", wato kyauta ne baffa. Na sake tambaya don na ɗauka ban ji daidai ba, ya sake faɗa, har da dafa min kafaɗa.

Wallahi fita na yi na tsaya a baranda hawaye na zuba. Ajina na ƙarshe ne ya faɗo min a rai, yara sun haura 100, rabinsu a ƙasa a kan buhu, iska ta yaye rabin kwano tun damunar bara ba a gyara ba, littafin karatu ɗaya yara biyar ko shida sun haɗa kai a kansa, wanda ke gefe a juye yake ganin rubutun, kuma alli ma sau nawa na saya da kuɗin aljihuna ga albashi ba ya zuwa a kan lokaci. Akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ta daina zuwa saboda kuɗin jarrabawa, na bi ta har gida, uban ya ce Malam ka yi haƙuri abin da za a ci ma da ƙyar. Ita na tuna a barandar nan. Alhali tun 2004 dokar UBE, wato dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, ta ce karatu kyauta ne kuma dole daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. Kyauta a takarda, amma ga kuɗin PTA, ga kuɗin tsintsiya, ga na katin sakamako.

Kuma kar mu ɗora wa gwamnati komai, mu ma da namu. Satin farko a wurinmu ai na shara ne da cire ciyawa, iyaye su ce ba a fara karatu ba tukuna, malami ma bai dawo daga ƙauye ba, haka za a ci sati biyu a banza a kowane zango. A nan ranar farko aka fara darasi. Yaro ya yi fashi saƙo zai shigo wayar ubansa, kuma akwai manhajar Noor da uba ke duba sakamakon ɗansa. Wannan ai ba sai da kuɗin man fetur ba, tsari ne da kuma ɗaukar abu da muhimmanci.

Hutun kansa mun ɗan zaga. Mun hau Ɗa'if ta hanyar Hada, hanya ce da ke nannaɗe dutse, ga birai a gefen titi, can sama iska mai sanyi har sai da na nemi mayafi da dare. Mun kuma je Madina a jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, gudunsa yana kaiwa kilomita 300 a awa, kujerarka da lambarta, lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin ya tashi. Ba zaman jiran mota ta cika, ba fargabar kar la'asar ta yi maka a hanya.

Amma fa kar wani ya ɗauka nan aljanna ce. Ɗana riyal 400 yake biya duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama, mata da yara, kuɗin da aka fara karɓa a 2017 da riyal 100. Jaka da biro da kayan makaranta kai za ka saya, da harajin kashi 15 a kai. A kantin da muka je sayen jaka mun daɗe a tsaye mai shagon yana sallamar waɗanda suka zo bayanmu, sai da ɗana ya ɗaga murya, abin ya yi min ciwo ƙwarai a gaban jikana. Ga 'ya'yan mutanenmu da ba su da takardu, suna kallon 'yan uwansu na tafiya makaranta su suna gida.

Tikitin jirgi kuma a lokacin hutu tsada yake yi, shi ya hana mu zuwa gida bana. Agusta guda ina cikin ɗaki saboda zafi, ina tuna yanzu a gida marka ake yi, ga gasasshiyar masara ga dafaffiyar gyaɗa, yara na bin iyayensu gona. Jikokina ba su taɓa ganin gero a tsaye ba, hutunsu duk a waya ya ƙare, Hausar ma da ƙyar, "jaddi" suke ce min ba kaka ba.

Riyal 200 ɗin nan ban mayar wa ɗana ba, na ƙara da nawa na sayi biro da fensir da littattafan rubutu, kwali ɗaya. Duk wanda ya san mai komawa daga Umara da ke da sauran kilo don Allah ya yi min magana a kai wa tsohuwar makarantata. Kuma a faɗa min ko an gyara kwanon ajin nan.