Kuben roba ko na tawul: wanne ke hana wuƙar takalmin ƙanƙara tsatsa?

Wuƙar ita ce siririn ƙarfen da ke ƙasan takalmin wasan sulɓi a kan ƙanƙara, kube kuma shi ne abin da ake rufe ta da shi. Kuben roba na tafiya ne kawai, daga bakin filin ƙanƙara zuwa benci, don kada siminti ya dakushe kaifi. Ba ya shan ruwa. In wuƙar ta kwana a ciki, da safe sai jan tsatsa a kwarmin da ke ƙasanta, tsakanin kaifinta biyu.

Na tawul shi ne na ajiya. Ƙarfe mai sanyi yakan yi gumi in ya shiga ɗumi, ko da an goge shi, tawul ɗin ke tsotse laimar. Goge wuƙar har gindin sukurorin da suka haɗa ta da takalmin, jira minti 5, ka sake gogewa, sannan ka sa kuben tawul ɗin. Kada ka taka ƙasa da shi, yagewa zai yi. A gida, fito da takalmin daga jaka, ka shanya tawul ɗin.